Abubuwan da ake gani a sama da tunawa da mazan jiya: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyin nan su ne ake ta maimaitawa a fada wajen shayi da kuma a WhatsApp, musamman lokacin zafi da kowa ke kwana tsakar gida ido na kallon sama, sai kuma in watan Nuwamba ya kama a ga Turawa a tele suna ajiye furanni gaban kabarin sojoji. Na haɗa su wuri guda, wanda ya ga tashi tambayar sai ya karanta.

Wai me ya haɗa zancen OVNI da bikin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi?

Ma'aikata ɗaya ce ke riƙe da su a ƙasashe da dama, wato ma'aikatar tsaro. Ita ake tambaya in an ga abu yana yawo a sama ba a san ko mene ne ba, ita kuma ke da rajistar wanda ya tafi yaƙi da wanda bai dawo ba. Duka biyun magana ce ta takarda: me gwamnati ta rubuta, me ta ajiye, me ta yarda ta buɗe wa talaka ya gani. Inda aka rufe dosiye nan jita-jita ke yin ƙiba, ko zancen fitila ce a sama ko zancen adadin gawa.

To mene ne OVNI ɗin, mutanen wata duniya ne?

A'a malam. OVNI da Faransanci, UFO da Ingilishi, duk abin da ake nufi shi ne abu mai tashi wanda ba a gane shi ba tukuna. Shi kenan. Ranar da aka gane balan-balan ne ko dron ne, ya fita daga wannan layi. Yanzu ma gwamnatin Amurka ta koma cewa UAP, ma'anar kusan ɗaya ce, saboda tsohon sunan ya riga ya manne da finafinai, matuƙan jirgin soja har kunyar kai rahoto suke kada abokan aiki su maida su abin dariya.

Yaushe aka fara wannan magana?

Daga yaƙi ta fito, shi ya sa ma ba ta rabuwa da soja. A daren 24 zuwa 25 ga Fabrairu 1942, wata biyu da 'yan kai bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, sojojin Amurka a Los Angeles suka ɗauka jiragen abokan gaba ne a samansu, suka yi ta ɓarin wuta har harsashi sama da 1,400 na manyan bindigogi, gari ya waye ba jirgi ko ɗaya da ya faɗo. Tsoro ne ya yi aiki, daga baya aka danganta farkon abin da balan-balan ɗin auna yanayi. A ƙarshen 1944 kuma matuƙan jiragen dare na Amurka a saman Faransa da Jamus suka riƙa ba da labarin wasu dunƙulen haske masu bin jirginsu, suna zargin sabon makamin Hitila ne, bayan yaƙi aka bincika ba a samu irin wannan makami ba.

Sai 24 ga Yuni 1947, wani matuƙi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa 9 suna gudu kusa da dutsen Rainier a jihar Washington, jaridu suka ɗauka suka yayata. Wata mai bi masa labari ya fito cewa an tsinci tarkace a wata gona kusa da Roswell a jihar New Mexico, sojan wurin da kansu suka fara cewa faifai mai tashi ne, washegari suka janye suka ce balan-balan ɗin yanayi ne. Sai a 1994 rundunar sama ta faɗi gaskiya: balan-balan ne na wani shirin sirri mai suna Mogul, wanda aka yi don sauraren gwajin bam ɗin nukiliyar Tarayyar Sobiyat. Shekara 47 ana ɓoye wa mutane, to dan Allah wa zai ga laifin wanda ya daina yarda?

Gwamnatin Amurka ta taɓa yarda cewa akwai su?

Ta yarda akwai abubuwan da ba ta gane ba, ba ta taɓa cewa daga wata duniya suke ba, kuma a nan ne masu tura bidiyo ke cakuɗa zance. Daga 1952 zuwa 1969 rundunar samansu tana da ofis mai suna Blue Book, rahoto 12,618 aka tattara, 701 suka rage ba bayani, aka rufe ofishin da cewa babu barazana ga tsaron ƙasa. Daga baya hukumar leƙen asiri ta CIA ta amsa cewa da yawa daga abin da mutane suka gani a ƙarshen shekarun 1950 da cikin 1960 jirgin leƙen asirinta ne U-2, yana tashi can ƙololuwa inda ba a saba ganin jirgi ba, rana ta faɗi a ƙasa amma shi tana haska shi, sai a gan shi kamar wuta. Sun san nasu ne suka yi gum.

Maganar ta sake tashi a Disamba 2017 da jaridar New York Times ta tona cewa Pentagon, wato hedkwatar sojan Amurka, ta kashe dala miliyan 22 a wani shirin bincike da aka fara a 2007. A Afrilu 2020 Pentagon ta fitar da bidiyo 3 na matuƙan sojan ruwa a hukumance. A Yuni 2021 aka kai wa majalisa rahoto kan lamura 144, guda ɗaya tak aka iya tantancewa, wani balan-balan ne da iska ke fita daga cikinshi, sauran aka ce bayanan da aka samu ba su isa ba. A 2022 aka buɗe sabon ofis mai suna AARO. A Yuli 2023 wani tsohon jami'in leƙen asiri, David Grusch, ya rantse gaban majalisa cewa gwamnati na ɓoye tarkacen jiragen da ba ɗan adam ya ƙera ba, amma da bakinshi ya ce faɗa mishi aka yi, bai gani da ido ba. A Maris 2024 AARO ta fitar da rahoton binciken takardu tun daga 1945, ta ce ba ta samu wata shaida ta fasahar wata duniya ba.

Ni a ganina abin ɗauka a nan ba zancen baƙin halitta ba ne. Majalisa ce ta tilasta wa soja su zo su yi bayani a bainar jama'a, wannan ne abin da ya kamata ya burge mu.

Ingila da Faransa fa?

Hanyarsu ta bambanta sosai. Ita Ingila tun farko tambaya ɗaya take yi: abin nan barazana ne ga ƙasa ko a'a? Kamar mai gadin kasuwa, ba ruwanshi da asalinka ko garinku, sata ka zo yi ko wucewa kake. Firaministan Ingila Churchill da kanshi a Yuli 1952 ya rubuta wa ministan sama yana tambayar me zancen nan yake nufi, aka amsa mishi cewa an bincika ba komai. Ma'aikatar tsaronsu ta riƙe ɗan ƙaramin ofis na karɓar rahoto har Disamba 2009, ta rufe shi da hujjar cewa sama da shekara 50 ba rahoto ko ɗaya da ya nuna barazana, kuma kuɗin da ma'aikacin an fi bukatar su wani wuri. Amma fa ta kwashe dosiyoyin ta miƙa wa gidan ajiyar takardun ƙasa tsakanin 2008 da 2013, har da na dajin Rendlesham inda sojojin Amurka suka ce sun ga fitilu a Disamba 1980.

Faransa kuwa ba a hannun soja ta bar abin ba. A 1977 ta buɗe sashe a ƙarƙashin hukumar sararin samaniya CNES a birnin Tuluz, yau sunanshi GEIPAN. Mutum ya ga abu sai ya je wajen jandarma a rubuta, ko ya cika takarda ta intanet, masana su duba su sa shi cikin aji huɗu: A an gane, B kusan an gane, C bayani bai isa ba, D an bincika ba a gane ba. Ajin D wajen kashi 3 cikin ɗari ne kawai. Tun 2007 suka zuba dosiyoyin a intanet kowa ya karanta. Duk da abin da ke tsakaninmu da Faransa, wannan tsari mai kyau ne.

To fitilun da muke gani a jere suna tafiya a saman Zinder bayan magariba fa?

Waɗannan taurarin ɗan adam ne na Starlink. In aka harba su sabo, da yawa a tashi ɗaya, sukan bi juna a layi na 'yan kwanaki kafin su watse kowa ya kama wurinshi ɗaruruwan kilomita daga ƙasa. Tun Mayu 2019 aka fara harba su da yawa haka. Ba fitila gare su ba, hasken rana ne ke dukansu, shi ya sa ba a ganinsu sai bayan magariba ko kafin asuba, kuma sai ka ga sun ɓace ɗaya bayan ɗaya a wuri guda, sun shiga inuwar duniya kenan. In an ɗauke kuran a Birni ko Garin Malam gari ya yi duhu, nan ne ake ganinsu tar, yara su yi ta ihu, tsofaffi su yi ta salati.

Akwai kuma haske guda mai ƙarfi da ke ratsa sama cikin 'yan mintoci ba ƙara ba ƙyaftawa, galibi tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, tana wajen kilomita 400, tana zagaye duniya cikin kamar minti 90. Wanda ke tsaye cak yana walƙiya gefen yamma ko gabas kuwa, sau da yawa Zara ce matar wata, in akwai ƙurar hunturu sai ta yi kamar tana rawa tana canza launi. Mai fitila ja da kore yana ƙyaftawa jirgi ne. Masu bin hanyar Tanut da dare kuma sun san jan hasken wutar matatar mai ta SORAZ, baƙo in ya hango shi daga nesa cikin hazo sai ya rantse wani abu ne ya sauka.

Duwatsun da ke faɗowa daga sama su ma OVNI ne?

Kafin a gane su dai. Kuma ƙasar Hausa tana da tarihi babba a nan wanda yaranmu ba su sani ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami cikin ƙasar Katsina, masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, har yau da sunan Zagami ake kiranshi a duniya. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani mai kusan kilo 25 a jihar Agadas, shi ma na Mars, mafi girman irinshi da aka taɓa samu, sai ga shi an yi gwanjonshi a New York a Yuli 2025 kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Wannan abu ya yi min ciwo wallahi, don dutsen da ya kamata ɗaliban jami'ar André Salifou su je su gani da idonsu yana can ɗakin wani attajiri.

Mu a Nijar wa ke da alhakin samanmu, kuma me ya sa soja ke ɗaukar abin da zafi?

Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ce kowace ƙasa ita ke da cikakken iko da sararin da ke samanta. Zirga-zirgar jiragen farar hula ASECNA ke kula da ita tare da hukumar ANAC, tsaro kuma na rundunar sama ne. Kun tuna ranar 6 ga Agusta 2023 aka rufe sararin Nijar baki ɗaya lokacin barazanar CEDEAO, sai farkon Satumba aka buɗe.

A yankinmu abin da ba a gane ba a sama, kafin a yi tunanin komai dron ake tunani. Amurka ta gina sansani na 201 a Agadas da wajen dala miliyan 100, dron ɗinta suna tashi daga can tun 2019 har ta kwashe a Agusta 2024. Nijar ta sayi Bayraktar TB2 daga Turkiyya, sun iso a 2022. 'Yan ta'adda su ma sun koyi amfani da ƙananan dron na kasuwa. Kuma abu ɗaya a sama na iya haɗa ƙasashe rigima: a daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu 2025 Aljeriya ta harbo dron ɗin Mali a wajen Tinzawatan, ƙasashen AES suka janye jakadunsu. Haka Amurka ta harbo balan-balan ɗin Cana ranar 4 ga Fabrairu 2023 bayan ya ratsa ƙasarta, har sakataren harkokin wajenta ya fasa tafiya Beijin. Ka ga ashe makiyayin da ya ga abu a dajin Tasker ya zo ya faɗa ba abin dariya ba ne, bayani ne mai amfani in akwai mai rubutawa.

In na ga wani abu me ya kamata in yi?

Duba agogo tukuna, ka riƙe lokacin. Ka lura daga ina ya fito ina ya nufa, da alƙibla za ka auna, yana da ƙara ko babu, minti nawa ya yi. In za ka ɗauki bidiyo kada ka matso da hoton da yatsa, ka bar bishiya ko katanga ta fito a ciki don a iya auna girma. In abu ne ya faɗo ƙasa kada a taɓa, a kori yara, a sanar da mai gari ko jandarma, don yana iya zama da abin fashewa ko guba. Kusa da bariki ko filin jirgi kuwa kada ka ɗaga salula ma. Sannan dan Allah a daina ɗora wa bidiyo murya ana cewa alamar tashin kiyama ce kafin a tambayi kowa.

Addini ya hana a yarda da irin wannan?

Wannan fagen malamai ne, su za a tambaya. Abin da kowane almajiri ya sani dai shi ne Alƙur'ani ya yi maganar taurarin da ake jifan shaiɗanu da su a Suratul Mulk da Suratul Jinn, kuma a Suratus Shura aya ta 29 an ambaci halittun da Allah ya watsa a sammai da ƙasa. Ikon Allah ya wuce saninmu. Amma wannan bai sa duk haske ya zama aljani ba, kuma addinin ne ya ce a tabbatar da labari kafin a yaɗa.

Mu koma kan bikin. 11 ga Nuwamba da 8 ga Mayu me ya shafe mu, ba yaƙin Turawa ba ne?

Yaƙinsu ne amma da jinin kakanninmu aka yi shi. 11 ga Nuwamba 1918 aka tsagaita wutar yaƙin duniya na farko, 8 ga Mayu 1945 Jamus ta miƙa wuya a na biyu. Rundunar da ake kira tirayer na Senegal, wadda Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, ya kafa a 1857, sunan ne kawai na Senegal, a ciki akwai Bambara da Mosi da Zabarmawa da Hausawa da Barebari. A yaƙin farko an kwashi wajen mutum 200,000 daga Afirka ta Yamma ta Faransa, kusan 30,000 ba su dawo ba. Kuma ba duka ne suka tafi da son rai ba, kwamandan yakan yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, sai a kama ɗan wanda ba shi da gata, shi ya sa gidaje da yawa suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi.

A Yuni 1940 sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fursunoni suka karkashe su a Chasselay kusa da Liyon, maƙabartarsu na nan har yau an gina ta da jan gini irin na Sudan ta Faransa, wato Mali ta yanzu. A 15 ga Agusta 1944 'yan Afirka na cikin waɗanda suka sauka a gaɓar Provence suka ƙwato Tulon da Marsey. Da kaka ta yi aka janye baƙaƙen daga fagen daga aka ba matasan Faransa kakinsu da bindigoginsu, sai nasara ta zo da farar fuska.

Me ya faru a Thiaroye, kuma gaskiya ne an cuce su a fansho?

Ranar 1 ga Disamba 1944 a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, tirayer da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi a biya su haƙƙinsu kafin a sallame su, sojan Faransa suka buɗe musu wuta. Takardar hukuma ta ce 35 suka mutu, wata takardar ta soja ta ce 70, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne. Shekara 80 cif aka yi kafin shugaban Faransa ya kira abin da sunan kisan kiyashi, a Nuwamba 2024. Har yau rigimar a kan takardu take, wanne aka buɗe wanne ya ɓace.

Fansho kuwa gaskiya ne. A Disamba 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci, na Bafaranshe yana hawa kowace shekara na baba yana nan inda yake, alhali rami ɗaya suka kwanta. Sai da kotun tsarin mulkinsu ta yanke hukunci a Mayu 2010 aka daidaita daga Janairu 2011, lokacin mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya taso a Zinder ya san irin tsohon nan mai tsohuwar riga da lambobin yabo a ƙirji, yana jan Faransancin bariki, yara na tsokanarshi suna ƙamewa suna sara mishi. Ba mu san abin da ya gani ba muke dariya.

'Yan uwanmu na Najeriya fa?

Su Ingila ta kwasa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, Hausawa cike a ciki, Hausa ma ita ce harshen bariki. Najeriya tana bikin 'yan mazan jiya ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, maimakon Nuwamba. A Afrilu 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, adadin ma yana iya kai 350,000, kuma wariyar launi ce ta jawo. Sakataren tsaron Ingila ya ba da haƙuri a majalisa.

A Damagaram wa ya kamata mu riƙa tunawa?

Tambayar da ta fi damuna kenan. A Mayu 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou a Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 aka gwabza a Tirmini, yamma da gari, da ragowar rundunar nan ta Voulet da Chanoine wadda ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni ta kuma yi karo da Sarauniya a Lugu, Damagarawa suka sha kashi don bindigar ba ɗaya ba ce, Turawa suka shiga Birni, a Satumba aka kashe sarkin. Me ya biyo baya? Barikin da suka gina a kan dutse suka sa mishi sunan Cazemajou, mutum ɗaya nasu. Mutanen da suka faɗi a Tirmini kuwa sai a bakin maroƙa da tsofaffi. Bayan 'yanci ne barikin ya koma sunan Tanimun. Daga nan Zinder ɗin kuma, lokacin tana babban birnin ƙasa, rundunar da ta karya kewayen da Kawusan, jagoran tawayen Buzaye, ya yi wa Agadas ta tashi a farkon 1917, aka karkashe mutane har da malamai.

A Oktoba 2024 hukumomi a Yamai sun canza sunaye: titin de Gaulle ya koma Djibo Bakary, abin tunawa da matattun yaƙin duniya ya koma Bubandey Batama, don ya haɗa duk wanda ya rasu soja da farar hula tun daga mulkin mallaka zuwa yau. Na goyi bayan faɗaɗawar. Abin da nake roƙo kawai kada garin fushi da Faransa mu share tirayer, su ba Faransa ba ne, kakanninmu ne da aka kama. Kuma canza allo shi ne mai sauƙi, aikin yana wajen tattara sunaye, a je Tirmini da Mirya da Gure da rikoda a zauna da tsofaffi tun suna raye.

Sojojinmu da ke rasuwa yanzu fa, ana yi musu adalci?

Ana zaman makoki, ana sauke tuta. Inates 10 ga Disamba 2019 soja 71, Shinagodar 9 ga Janairu 2020 soja 89, kafin nan tsibirin Karamga a tafkin Cadi a Afrilu 2015 soja 46. Amma gwada tambayar kanka sunan mutum uku a cikinsu. A Tongo Tongo a Oktoba 2017 Amurkawa 4 suka mutu tare da sojojinmu, sunan nasu da hotonsu ya zagaye duniya, namu sai adadi. Dubi kuma jirgin fasinja na kamfanin UTA da aka tarwatsa a saman Tenere ranar 19 ga Satumba 1989, mutum 170, iyalansu suka je har tsakiyar hamada a 2007 suka gina abin tunawa da baƙaƙen duwatsu, da fiffiken jirgin a tsaye ɗauke da sunan kowa. Mu Musulmi ba mu da al'adar gunki ko ajiye fure, addu'a da sadaka muka sani, amma rubuta suna a bangon lakwal ɗin garinsu da biyan haƙƙin matarshi da marayunshi kan lokaci ba wanda zai ce ya saɓa wa addini. Allah ya jiƙansu ya sa sun huta.

Kakana ya yi yaƙin Hitila, yaya zan samu bayaninshi?

Fara da gida. Tambayi inna ko gwaggo ko akwai tsohuwar adaka da ba a buɗewa, nemi ɗan littafin soja, katin tsohon soja, takardar fansho ko lambar yabo. Abin da ya fi komai amfani shi ne lambar matirkil da shekarar da aka ɗauke shi da wurin da aka ɗauke shi. In ka samu ka ɗauki hoton kowane shafi, kada ka ba kowa asalin.

In a fagen daga ya rasu, ma'aikatar sojan Faransa tana da shafin intanet mai suna Mémoire des hommes, kyauta ne, akwai katin waɗanda suka mutu a yaƙin farko da na biyu. In ya dawo da rai, dosiyoyin sojojin ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka suna cibiyar ajiyar takardun soja da ke garin Pau, ana rubuta musu wasiƙa da shaidar dangantaka. Sai dai ka yi haƙuri da yadda aka rubuta sunaye, akawun Bature yadda kunnenshi ya ji yake rubutawa, Mamman ya koma Mamane ko Mahamane, Abdu ya koma Abdou, wani ma sunan garinsu aka maƙala mishi a matsayin sunan uba, wani kuma da sunan wanda ya tafi a madadinshi aka rubuta shi. Ka gwada kowane salo, ka haɗa da Zinder ko Gouré ko Magaria ko Tanout yadda suke rubutawa. In ta ɓangaren Ingila ya shiga, ta Kano ko Zariya kamar yadda wasu 'yan kan iyaka suka yi, to in a yaƙin ya rasu shafin hukumar kaburburan Commonwealth za ka duba, a ƙarƙashin rundunar Najeriya.